Sauri Kan Haifi Nawa: Yadda Zabura Ke Cin Ƙarfin Mai Keke

Ya kai mai karatu, idan kana da keke, ko kana da yaron da kake aika kasuwa a kan keke, wannan darasi ya shafe ka. Tambaya ɗaya za mu duba: in mutum ya zabura da iyakar ƙarfinsa tun farkon tafiya, me zai rage masa na sauran hanya?

Bari in soma da abin da ya sa na rubuta shi. Wata shekara na je rangadin azuzuwan yaƙi da jahilci a ƙauyukan Afala, arewa da Tawa, dare ya yi mini a wani ƙauye na kwana. Da asuba naƙudar wata mata ta yi tsanani, ga shi waya ba ta shiga a wurin. Aka tashi wani saurayi ƙaƙƙarfa, aka ce ya hau keke ya je garin da ke da asibiti ya nemo taimako. Ya fita kamar an harba kibiya. Jim kaɗan malamin ajin, wanda ya ba shekara 50 baya, ya ce hankalinsa bai kwanta ba, shi ma ya ɗauki nasa keken ya bi sawu. A bayan tudun rairayi na biyu ya iske saurayin zaune a ƙasa, ƙafafunsa na rawa, yana kakarin amai. Malamin ne ya isa, shi ne kuma ya kawo taimakon. Matar ta sauka lafiya, alhamdu lillahi, amma saurayin ya sha gori, wai raggo ne, wai girman banza gare shi. Ni dai na san ba ragganci ba ne. Ya zubar da ƙarfinsa a inda bai kamata ba, don babu wanda ya taɓa gaya masa yadda jiki ke rabon ƙarfi.

Jikinka kamar rijiya ne

Duk mutumin Adar ya san rijiyar bazara. Da sassafe ka leƙa, ka ga ruwa ya taru. Mata suka zo, aka zura wasaki biyar ko shida a lokaci ɗaya, kafin hantsi sai ka ji wasaki na kankarar laka. Rijiyar ba ta mutu ba. Idonta na nan yana tsattsafowa, sai dai ana ɗiba fiye da abin da yake bayarwa. Abu biyu ke nan: akwai ruwan da ya taru, akwai kuma ruwan da ido ke kawowa kowane minti. Ka riƙe waɗannan biyun da kyau, domin da su za mu yi aiki har ƙarshe.

Idon rijiyar jikinka shi ne ƙarfin da ke zuwa ta hanyar numfashi. Huhu ya ɗauki iskar oksijin, zuciya ta tura jini, jini ya kai iskar ga tsoka, tsoka kuma ta ƙona sukari da kitse ta sami ƙarfin motsi. Wannan hanya ba ta saurin ƙarewa, amma tana da iyakar abin da take iya bayarwa a minti guda. Ita ce muke kira juriya.

Ruwan da ya taru kuwa shi ne ƙarfin da tsoka ke bayarwa nan take, ba tare da ta jira oksijin ba. Mu kira shi ƙarfin ajiya. Wani sashensa sinadari ne da ake kira fosfokiriyatin, wanda ke cikin tsoka ɗan kaɗan. Sakan 10 na cikakken ƙoƙari sun isa su cinye mafi yawansa. Ɗaya sashen kuwa sukarin da tsoka ta adana ne, wanda take farfasawa da gaggawa. Wannan gaggawar tana barin dagwalo a cikin tsoka: tsami yana ƙaruwa, wasu sinadarai suna taruwa, sai ƙafa ta yi nauyi, cinya ta ɗauki zafi. Wato rijiyar jiki ba raguwa kawai take yi ba, har da gurɓacewa.

Wannan rabo ba ni na ƙaga shi ba. A 1965 wasu masana biyu na Faransa, Monod da Scherrer, suka nuna cewa aikin tsoka yana da wata iyaka: ƙasa da ita mutum na daɗewa yana aiki, sama da ita kuwa lokacinsa ƙidayayye ne. A 1981 aka gwada wannan a kan masu tuƙa keke, aka same shi daidai.

Mu yi lissafi

Ɗauki alli ko fensir. A ce rijiya ta tara guga 20, idonta kuma yana kawo guga 2 kowane minti.

In kana jan guga 2 a minti, ruwan ba zai sauka ba. In kana jan 4, ido ya ba ka 2, sauran 2 daga ajiya suke fita. Cikin minti 10 ka kai laka, ka kuwa ja guga 40. In kana jan 6 a minti, ajiya na raguwa da 4. Minti 5 sun ishe ta, ka ja guga 30. In ka haukace kana jan 12 a minti, cikin minti 2 ka gama da ita, abin da ka ja guga 24 ne kacal.

Dubi waɗannan alƙaluma uku: 40, 30, 24. Wanda ya fi kowa sauri shi ya fi kowa ƙarancin ruwa kafin a kai laka, domin bai ba ido lokacin da zai taimake shi ba. Kuma da zarar ajiya ta ƙare, ko ka so ko ka ƙi, guga 2 a minti kawai za ka samu, in ma ba ka zube ba. Abin da ya sami saurayin nan ke nan a bayan tudu.

Abin da masana suka auna

Masu bincike suna da keke da aka kafe wuri ɗaya, wanda ke auna ƙarfin da mutum ke sa wa feda. Ma'aunin shi ne wat, irin wanda kake gani a rubuce a jikin ƙwan lantarki ko allon sola. Jimillar aikin da aka yi kuma ana auna ta da jul: wat ɗaya na tsawon sakan ɗaya shi ne jul ɗaya.

A 1995, a jami'ar Loughborough ta Ingila, Bogdanis da abokan aikinsa suka sa samari su zabura a irin wannan keke na sakan 30, sa'an nan suka ɗebi ɗan ƙanƙanin nama daga cinyarsu da allura don su ga abin da ya rage. Fosfokiriyatin ya sauka zuwa kimanin kashi 20 cikin 100. Bayan hutun minti ɗaya da rabi ya dawo zuwa kashi 65. Bayan minti 6 ya kai kimanin kashi 85, bai ma cika ba. Ka lura: rabin minti aka yi ana ɗiba, amma minti 6 ba su isa a mayar ba.

A 2009 wasu biyu a Birtaniya, Anni Vanhatalo da Andrew Jones, suka yi gwajin da ya fi kusa da tambayarmu. Suna da jarrabawa ta minti 3 wadda mutum ke taka feda da iyakar ƙarfinsa tun daga farko har ƙarshe. A farkonta yana cin ajiya, a ƙarshenta kuwa ajiya ta ƙare, abin da ya rage shi ne ƙarfin ido kaɗai. Ta haka ake auna biyun a zama ɗaya. Suka sa mutanensu su yi jarrabawar sau uku a ranaku dabam-dabam: sau ɗaya da sabon jiki, sau ɗaya minti 2 bayan zabura ta sakan 30, sau ɗaya kuma minti 15 bayan irin wannan zabura.

Da sabon jiki, ajiyar ta kai kimanin jul 20,800. Bayan zabura da hutun minti 2, ta sauka zuwa kimanin jul 16,500, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Bayan hutun minti 15 kuwa ta dawo yadda take. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan: a duk ukun, ƙarfin ido bai sauya ba. Zabura ba ta taɓa juriyar mutum ta asali ba, ajiyarsa ta ci.

Me wannan ke nufi a kan hanya? A ce kana hawan dogon tudu wanda ke neman wat 100 fiye da abin da idonka ke bayarwa. Da jul 20,800 za ka yi sakan 208 kafin ka kai laka. Da jul 16,500, sakan 165 za ka yi. Bambancin sakan 43 ne. A kan takarda ba shi da yawa, amma shi ne tsakanin wanda ya haye tudu a kan sirdi da wanda ya sauka a tsakiya yana haki.

To, in ba zabura ɗaya aka yi ba, an ƙure ne har mutum ya kasa? A 2010 Carrie Ferguson da abokan aikinta a jami'ar Leeds suka auna wannan. Bayan an ƙure mutum sarai, hutun minti 2 ya dawo masa da kashi 37 cikin 100 na ajiyarsa, hutun minti 6 kashi 65, hutun minti 15 kashi 86. Nan ma ƙarfin ido bai motsa ba. Dubi yadda take cika: da sauri da farko, sa'an nan sannu-sannu, daidai da yadda rijiya ke yi in an bar ta. Kuma wanda ya kai laka ya fi wanda ya tsaya a rabi daɗewa yana jira.

Wa ke mayar da ajiya? Ido ne. Tun 1976 aka nuna cewa in aka ɗaure cinya aka hana jini gudu bayan aiki mai tsanani, fosfokiriyatin ba ya dawowa sam, sai an kwance. Saboda haka hakin da kake yi bayan gudu ba alamar rauni ba ne, biyan bashi ne. Kuma mutumin da ke da juriya, wanda ya saba da doguwar tafiya, yakan fi saurin farfaɗowa bayan zabura.

Zaburar da ba ka san ka yi ba

Wataƙila ka ce: "Ni ba ɗan tsere ba ne, ina ruwana da zabura?" Hanyoyinmu ne ke sa ka zabura ba da saninka ba. Adar ƙasa ce ta dutse da kwari, arewa da Tawa kuma ga rairayi. Mafi yawan kekunanmu giya ɗaya gare su. Duk lokacin da ka miƙe tsaye a kan feda don ka keta yashin ƙorama, ka zura wasaki cikin ajiya. Duk lokacin da ka tayar da keke daga tsaye da jarka biyu masu lita 25 a kariya, wato kilo 50 na ruwa ban da kai da keken, ka sake zurawa. Kare ya biyo ka, ka zura. Abokin tafiya ya wuce ka, zuciya ta ɗebe ka ka bi shi, ka zura. Mai kai kaya kasuwar Lahadi ta Tawa yana iya yin irin wannan sau goma kafin ya ga gari, sa'an nan ya yi mamakin abin da ya kashe masa ƙafa.

Sai kuma iska. Ƙarfin da ake bukata don keta iska yana hauhawa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: in ka ninka gudunka sau biyu, ƙarfin keta iskar ya ninku kusan sau takwas. Shi ya sa ɗan ƙarin gudu ke da tsada haka. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, don haka mai komawa Afala daga Tawa da ita yake kokawa. Gudun da ya zo da shi da safe ba tare da wahala ba, in ya nace sai ya koma da shi, daga ajiya zai biya. In kuna tafiya ku biyu ko uku, ku jeru, na gaba ya tare wa na baya iska, ku riƙa canji. A gudun masu tsere, na baya yana samun sauƙin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai a bar tazara, don ramuka.

Game da yashi mai zurfi, shawarata ita ce ka sauka ka tura. Na san samari na ganin abin kunya ne. Minti ɗaya da za ka ɓata kana turawa ya fi arha a kan minti goma da za ka yi kana jiran ƙafa ta dawo.

In an aike ka aiken gaggawa

Ba ina cewa ka yi nawa ba. Mai naƙuda ko wanda maciji ya sara ba ya jira. Abin nema shi ne gudun da ya fi kowane sauri wanda za ka iya riƙewa har ka isa. Ga alamarsa: numfashinka ya yi ƙarfi amma a daidaice yake, kana iya faɗin kalma huɗu ko biyar kafin ka ja iska. In ka kai inda ko amsa sallama ba ka iyawa, kuma hakin sai ƙaruwa yake yi alhali gudunka bai ƙaru ba, to, ka haura iyaka, ajiya kake ci.

Ka fi yin hattara a mintoci biyu ko uku na farko. Zuciya da huhu ba sa kai cikakken aikinsu nan take, sai sun ɗan ɗauki lokaci, kuma kafin su kai, daga ajiya jiki ke cike giɓin. Ga tsoro da ɗoki suna ruɗin mutum, ya ji kamar ba zai taɓa gajiya ba. Ka tashi da ɗan sauƙi, ka ƙara a hankali. Ka ajiye ƙarfin ajiya don tudu da yashin da ba makawa sai an keta. Bayan kowane tudu ka sassauta sosai na ɗan lokaci. Iyakar yadda ka sassauta, iyakar saurin cikar ajiya. Idan ka hango rufin asibiti, sai ka zuba duk abin da ya rage.

Gajeren gudu dabam ne. In tafiyar ba ta wuce minti ɗaya ba, babu abin tanadi, zabura tun farko ita ce daidai.

Ƴan tsere na duniya a kan wannan lissafi suke rayuwa. Biniam Girmay na Eritiriya, wanda ya ci zango uku a tseren keke na zagayen Faransa a 2024, yakan wuni a ɓoye cikin ayari, abokansa na tare masa iska, sai a mita 200 ko 300 na ƙarshe ya fito. Masu Zagayen Faso, da ake yi a Burkina tun 1987, haka suke yi. Mu nan ma mun san abin a filin kokowa, tun da a Tawa aka yi gasar takobi ta ƙasa ta farko a 1975: ɗan kokowar da ya kai hari da dukan ƙarfinsa bai kayar ba, a ƴan sakan da ke biye ne ya fi sauƙin faɗuwa, kuma gwanaye lokacin suke jira.

Akwai zabura mai amfani

Kada ka ɗauka duk ƙoƙarin da aka yi kafin gudu hasara ne. A 2009 Bailey da abokan aikinsa suka sa mutane su yi minti 6 na tuƙi mai tsanani, su huta, sa'an nan a gwada juriyarsu. Waɗanda suka huta minti 3 kawai sun gaza abin da suka saba yi. Waɗanda suka huta minti 9 sun fi yadda suka saba, na minti 20 kuma sun fi kowa. Dalili shi ne ƙoƙarin farko ya tayar da zuciya da hanyoyin jini, ido ya buɗe, hutun kuma ya ba ajiya lokacin cika. Saboda haka in za ka shiga tsere ranar biki, ka ɗumama jiki da gaske, amma ka gama minti 10 zuwa 20 kafin a tashi. Masu zabure-zabure a bakin layi don a gan su, abokan hamayyarsu suke yi wa aiki.

Zafi, abinci da lafiya

Duk gwaje-gwajen da na ambata a ɗaki mai sanyi aka yi su, a kan mutane masu lafiya da suka ƙoshi. A watan Afrilu da Mayu zafin Tawa yakan haura digiri 40. Cikin irin wannan zafi jini na rabuwa biyu, wani ya tafi tsoka, wani ya tafi fata don sanyaya jiki, ga gumi da kan kai lita ɗaya ko fiye a awa. Ido da kansa yana raguwa, sai gudun da ka saba riƙewa da sanyin safiya ya koma cin ajiya da azahar. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini su ma ido suke ragewa, domin jini ne ke ɗaukar oksijin.

Doguwar tafiya ma tana da nata. An auna cewa bayan awa 2 na tuƙi mai ƙarfi, ido da ajiya duka suna sauka. Cin abu mai sukari a hanya ya kare ido, amma bai hana ajiya sauka ba. Don haka ka riƙe gorar ruwa da ɗan dabino ko fura, ka riƙa sha kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa ta yi tsanani, kuma ka sani ƙarfin zaburarka a ƙarshen tafiya ba kamar na farkonta ba ne. Mai azumi ya zaɓi sanyin safiya, ya bar tsere.

Ciwon cinyar da ke zuwa washegari ba tsamin jiya ne ya kwana ba, kamar yadda wasu ke faɗi. Wannan jiki na share shi cikin kimanin awa guda. Ciwon washegari daga ƙananan raunuka ne a cikin tsoka, kuma yana wucewa cikin ƴan kwanaki. Amma akwai alamun da ba a wasa da su: ciwon ƙirji, jiri, ruɗewar tunani, ko fitsari ya koma kamar baƙin shayi bayan gudu mai tsanani. In ka ga ɗayansu, a shiga inuwa, a jiƙa jiki da ruwa, a nufi asibiti. Wanda ke da sikila, ko aka gaya masa yana ɗauke da ƙwayarta, da mai ciwon zuciya ko hawan jini, kada su yi gudun ƙure ƙarfi sai sun tambayi likita.

Gwada da kanka

In kana da lafiya, zaɓi hanya mai tauri marar motoci, tsakanin itace biyu da za ka iya yi cikin kimanin minti 3 da gudu mai ƙarfi. Wani ya riƙe maka agogon waya. Rana ta farko, da sanyin safiya, ka ɗumama jiki a hankali, sa'an nan ka yi hanyar da iyakar saurinka. Ka huta kwana biyu. A karo na biyu ka zabura na sakan 30, ka huta minti 2, ka yi hanyar. Bayan wasu kwana biyu ka sake zabura na sakan 30, ka huta minti 15, ka yi ta. Rubuta kwanan wata, da sakan nawa ka yi, da inda iska ke busowa a kowace rana, ka kawo littafinka aji mu haɗa da na sauran mu yi lissafin tare.